Zanen da aka yi don tafin hannu, aka haska shi a bangon aji

A watan Disamba na shekarar 2023, wata malamar harshen Faransanci a ƙaramar sakandaren Jacques-Cartier da ke garin Issou, yamma da birnin Paris, ta nuna wa ɗalibanta 'yan shekara 11 zuwa 12 hoton wani tsohon zane na Giuseppe Cesari, mai zane ɗan Italiya wanda ya yi suna a Roma a farkon ƙarni na 17. Zanen yana nuna Diana, wadda tsoffin Romawa suka ɗauka a matsayin allahiyar farauta, tana wanka tare da kuyanginta tsirara, a daidai lokacin da mafarauci Actaeon ya faɗo musu ba zato. Wasu daga cikin yaran suka kawar da kai, suka ce abin ya saɓa wa tarbiyyarsu, sannan jita-jita ta bazu cewa malamar ta yi kalaman wariya ga ɗalibai Musulmi, zargin da hukumar ilimi ta yankin ta ce ba shi da tushe. Malaman makarantar suka janye daga aiki don tsoron abin da ka iya biyowa baya, ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya je makarantar da kansa, ya kuma sanar da cewa za a ladabtar da ɗaliban da suka tayar da ƙurar. An yi makonni ana muhawara a Faransa a kan raba addini da gwamnati, da 'yancin malami, da halin 'ya'yan baƙi, amma kusan babu wanda ya tsaya ya tambayi mene ne asalin irin wannan zane, don wa aka yi shi, kuma a ina masu shi na farko suke ajiye shi. A ganina amsar wannan tambaya ce ta fi raba gardamar, kuma ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba.

Cesari ya zana wannan labari fiye da sau ɗaya, kuma wanda ke gidan adana zane-zane na Budapest an yi shi ne a kan farantin jan ƙarfe mai kimanin santimita 50 a tsaye da 69 a kwance. Wannan ya sa shi cikin wani rukuni na musamman na zane-zanen Turai, wanda ya yi tashe daga wajen shekarar 1575 zuwa tsakiyar ƙarni na 17, a biranen Roma, Benis, Prague, Antwerp da Utrecht. Yaɗuwar sana'ar buga hotuna, wadda ake sassaƙa hoto a kan jan ƙarfe sannan a danna shi a kan takarda, ita ta sa farantan suka wadata a kasuwa, masu zane kuma suka gane cewa abin da ake bugu da shi ana iya yin zane a kansa kai tsaye. Maƙeri yakan buga farantin har ya yi siriri, kaurinsa wajen milimita ɗaya, a Antwerp ma wasu maƙeran, kamar Peeter Stas, sukan buga tambarinsu a bayansa, abin da ke taimaka wa masana a yau su gane lokacin da aka yi zane. Mai zane sai ya kankare fuskar farantin kaɗan don ta yi kaushi, wani lokaci ya goga mata tafarnuwa domin fenti ya kama, sannan ya shafa siririn farin fenti na dalma kafin ya fara aiki da burushi mai 'yan gashi ƙalilan. Da yake ƙarfe ba ya shan mai kamar yadda ƙyalle ko katako ke sha, launuka sukan zauna a sama suna sheƙi, kuma ana iya fitar da gashin ido ko jijiyar ganye a wurin da bai kai girman ƙwayar shinkafa ba. Ƙwari ba sa cin ƙarfe, laima ba ta kumbura shi, shi ya sa da yawa daga cikin waɗannan zane-zane suka kai shekara 400 launinsu kamar jiya aka shafa, ko da yake idan farantin ya lanƙwashe fentin yakan ɓamɓare.

Duk wannan bayani yana da alaƙa da rigimar Issou, domin kayan aikin da kansa ya ƙayyade girman zanen da kuma yadda za a kalle shi. Jan ƙarfe yana da tsada da nauyi, saboda haka akasarin zane-zanen ƙanana ne, wasu ba su wuce girman littafin rubutun ɗalibi ba. Abu mai wannan girma da wannan ƙananan bayanai ba ya kalluwa daga nesa, dole mutum ya riƙe shi a hannu ko ya matso har numfashinsa ya kusa taɓa shi, kuma mutum ɗaya ko biyu ne za su iya yin haka a lokaci guda. Masu saye kuwa sarakuna ne da manyan limaman coci da attajiran 'yan kasuwa, waɗanda ke da ɗaki na musamman a cikin gida inda suke tara abubuwan ban mamaki, su shiga da wanda suka ga dama. Sarki Rudolf na Biyu, wanda ya mayar da fadarsa Prague, ya tara irin waɗannan da yawa, ciki har da zanen Hercules da Omphale na Bartholomeus Spranger, wanda tsayinsa bai kai santimita 25 ba, da wani Diana da Actaeon na Joseph Heintz, dukansu a kan jan ƙarfe, kuma dukansu suna Vienna a yau. Waɗannan hotuna ne na manya, an yi su don manya, an kuma ajiye su inda bayi da yaran gida da baƙin da ba a amince da su ba ba sa shiga.

Misalin da ya fi kowanne fito da abin fili shi ne na Joachim Wtewael, mutumin Utrecht, wanda aka haifa a 1566 ya mutu a 1638. Shi ɗan kasuwar lilin ne mai arziki, mai tsananin riƙo da ɗariƙar Calvin ta Kiristanci, ya kuma zauna a majalisar birninsu, amma hannunsa ne ya zana wasu daga cikin hotuna mafi rashin kunya na zamaninsa. A 1601 ya zana labarin Mars da Venus a kan farantin da tsayinsa ya kai kimanin santimita 21 kacal: Vulcan, maƙerin allolin Romawa, ya gano matarsa Venus tana cin amanarsa da Mars, allahn yaƙi, sai ya ƙera raga mai siririn zare ya kama su a kan gado, ya kira sauran alloli su zo su yi wa kwarton da matar dariya. Wtewael bai ɓoye komai ba. Wannan zane yana cikin kayan gidan adana zane-zane na Mauritshuis da ke birnin Hague tun ƙarni na 19, amma hukumar gidan ta ajiye shi a ɗakin ajiya, tana ganin jama'a ba su isa kallonsa ba, kuma ba a rataye shi a fili ba sai a shekarun 1980. Wasu daga cikin zane-zanen gwaji da ya yi a takarda don wannan labari, waɗanda suka mallake su daga baya sun yanke sassan jikin masoyan. Ƙasar Holand ce fa ake magana, wadda duniya ta sani da sassauci a irin waɗannan al'amura. A Sifen kuwa, a 1762 Sarki Carlos na Uku ya ba da umarnin a ƙone zane-zanen tsiraici da ke cikin kayan fada, har da na mashahuran masu zane Titian da Rubens, mai zanen fada Anton Raphael Mengs na cikin waɗanda suka roƙa aka fasa, kuma daga 1827 zuwa 1838 gidan adana zane-zane na Prado da ke Madrid ya kulle irin waɗannan a wani ɗaki da ba a shiga sai da izini.

Saboda haka, idan wani ɗan siyasa ko marubucin jarida a Paris ya ce yaron da ya kawar da kai daga hoton Diana ya yi wa wayewar Turai tawaye, to ko dai bai san tarihin kayan gadonsa ba ko kuma ya zaɓi ya manta. Kunyar da yaron ya ji, ita ce kunyar da shugabannin gidan Mauritshuis suka ji a madadin manyan mutanen Holand har zuwa zamanin da iyayen waɗannan yara suka zo duniya. Abin da ya canja shi ne hanyar nunawa. Majigin aji yana ɗaukar hoton da aka yi don tafin hannu ya mayar da shi faɗin bango, ya kashe sheƙin ƙarfen da ƙanƙantar aikin burushin, wato ainihin gwanintar da ta sa zanen ya cancanci a koyar da shi, ya bar jikin mata biyar tsirara a gaban yara maza da mata talatin da ke gab da balaga, waɗanda ba su zaɓi shiga ɗakin ba kuma ba su da ikon fita. Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san cewa ko da babu Musulmi ko ɗaya a cikinsu, dariya da zungurin juna da sunkuyar da kai ne za su cinye darasin. A watan Maris na shekarar 2023, a Tallahassee da ke jihar Florida a Amurka, shugabar wata makaranta ta rasa kujerarta bayan da wasu iyaye suka yi ƙorafin an nuna wa 'ya'yansu masu irin wannan shekaru hoton mutum-mutumin Dawuda na Michelangelo ba tare da an sanar da su ba, kuma babu wanda ya ce waɗannan iyaye baƙi ne a ƙasarsu.

Akwai kuma abin lura a cikin labarin kansa. Mawaƙin Roma Ovid, wanda littafinsa na rikiɗe-rikiɗe mai kashi 15 ya kammala wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa, shi ne tushen mafi yawan waɗannan zane-zane, kuma a kashi na uku ya kawo labarin Actaeon. Saurayin ya gama farauta, yana yawo a daji ya faɗa wurin wankan ba da niyya ba, Diana ta watsa masa ruwa ya rikiɗe ya zama barewa, karnukansa na farauta suka bi shi suka yayyage shi, abokansa suna kiran sunansa ya zo ya ga abin da aka kama. Ovid da kansa ya ce ƙaddara ce ta ja shi, ba laifi ya yi ba. Labari ne gaba ɗaya a kan haɗarin ganin tsiraicin da ba a halatta maka gani ba, kuma Cesari ya san cewa yana sanya mai kallon zanensa a matsayin Actaeon, har ma ya zana ƙahonin barewa sun fara fitowa a kan saurayin. Yaron da ya rufe ido ya kama zaren labarin tun kafin a karanta masa shi, kuma malami mai basira zai iya gina darasin gaba ɗaya a kan wannan rufe idon, ya tambayi aji me ya sa mutanen da suka rayu shekara 2000 da suka wuce, waɗanda ba su san Musulunci ko Kiristanci ba, suka ɗauki kallon mace tana wanka abu mai hukuncin kisa.

Wannan bai wanke ɗaya ɓangaren ba, kuma a nan ne nake ganin ya kamata iyaye Musulmi, a Faransa da sauran ƙasashen Turai inda 'yan uwanmu ke zaune, su yi wa kansu faɗa mai zafi. Jin kunya haƙƙin yaro ne, amma ƙaga wa malama maganar da ba ta faɗa ba ƙazafi ne, kuma a wannan yanki ƙazafi ya riga ya kashe mutum. Issou tana cikin gundumar Yvelines, inda malamin tarihi Samuel Paty yake koyarwa a garin Conflans-Sainte-Honorine, aka yi masa kisan gilla kusa da makarantarsa a ranar 16 ga Oktoba 2020, bayan wata ɗaliba ta ba da labarin ƙarya game da darasin da daga baya ta amsa cewa ba ta ma halarta ba, mahaifinta kuma ya yaɗa shi a intanet. Wata biyu kafin lamarin Issou an kashe wani malami, Dominique Bernard, a garin Arras. Malaman da suka ajiye alli a Issou ba shagwaɓa suke yi ba, sun ga sunan abokiyar aikinsu yana yawo a wayoyi, sun kuma san inda irin wannan hanya ta taɓa kaiwa. Uban da ya ji ɗansa ya dawo da ƙorafi, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya je makaranta ya zauna da malamar ya ji ta bakinta, domin addinin da ya umarci mumini ya runtse ido shi ne ya umarce shi ya bincika labari kafin ya yi aiki da shi. Wanda ya riƙe na farko ya saki na biyu ya ba masu ƙin Musulmi a Faransa makamin da suka daɗe suna nema.

Haka kuma ban yarda da masu cewa a kau da waɗannan zane-zane daga idon duniya ba, ko a hana yara sanin labaran da ke cikinsu don tsoron shirka. Sanin hikaya daban, bauta mata daban, kuma su kansu masu zanen Kiristoci ne da ba su taɓa yi wa Diana ko Jupiter, babban allahn Romawa, sujada ba. Wanda bai san waɗannan labarai ba zai karanta adabin Turai da sunayen taurari da rabin abin da ke gidajen tarihinsu kamar mai kallon wasa ta bayan katanga, kuma ɗan baƙo da ke neman gurbi a jami'ar Faransa shi ne zai fi kowa asara. A tarihin Musulmi ma akwai makamancin haka: a Ƙusairu Amra da ke hamadar Jodan, wani ɗan gidan sarautar Banu Umayya ya gina ƙaramar fada a ƙarni na 8, aka zana mata masu wanka da taurarin sama bisa tsarin Girkawa a bangon ɗakin wankanta. Ba na kawo wannan a matsayin hujjar halasci, malamai suna da maganarsu a kan hotuna kuma ba ta canja ba. Abin da nake nunawa shi ne ko a can, inda aka yi irin wannan zane, ɗakin wanka na keɓe aka zaɓa masa, ba masallaci ko makarantar yara ba. Mutanen da, na gabas da na yamma, sun fahimci cewa kowane hoto yana da wurinsa da masu kallonsa.

Masu kare matakin malamar suna da hujja guda mai nauyi, wadda ba zan yi kamar ban ji ba. Suna cewa idan aka janye hoto ɗaya saboda wasu sun yi ƙorafi, gobe za a nemi a janye wani darasi na kimiyya ko na tarihi, har malami ya koma yana tambayar aji abin da aka yarda ya koyar. Tsoron gaskiya ne, kuma akwai darussan da bai kamata makaranta ta ja da baya a kansu ba ko da iyaye dubu sun taru a ƙofa. Sai dai manhajar wannan aji a Faransa littafin Ovid ta ambata, ba ta ce lallai sai zanen Cesari ba, kuma zaɓen hoton da ya dace da shekarun ɗalibi aiki ne da malamai ke yi kullum ba tare da kowa ya kira shi miƙa wuya ba. Babu malamin da zai haska Mars da Venus na Wtewael ga 'yan shekara 11, ko a makarantar da babu mai addini ko ɗaya, wanda ke nuna cewa kowa ya yarda akwai iyaka, gardamar a kan inda za a ja layin ne kawai. Ɗalibi ɗan shekara 17 da aka kai gidan adana zane-zane na Louvre da ke Paris, inda wani zanen Cesari na wannan labari yake, aka gaya masa tun a mota abin da zai gani, ya tsaya gaban ainihin zanen a ainihin girmansa, wannan wani al'amari ne daban, kuma ina goyon bayansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cewa a cikin wannan rukuni na zane a kan jan ƙarfe akwai wanda ya fi na Cesari kyau nesa ba kusa ba, daga littafi guda aka ɗauko shi, kuma babu uban da zai ɗaga murya a kansa. Adam Elsheimer, ɗan Frankfurt da ya zauna a Roma ya mutu a 1610 yana da shekara 32 cikin bashi da talauci, ya zana labarin Philemon da Baucis a kan farantin da bai wuce santimita 17 da 23 ba, yana nan a Dresden. A kashi na takwas na littafin Ovid, Jupiter da Mercury, ɗan saƙon alloli, sun yi shigar matafiya suka bi gida-gida a ƙasar Firijiya suna neman masauki, kowa ya rufe musu ƙofa, sai wani tsoho da tsohuwarsa a bukkar ciyawa suka shigar da su, suka kawo ɗan abin da suke da shi, har suka yi ta bin dinyarsu ɗaya tilo da ke gadin gida za su yanka wa baƙin, ita kuwa ta gudu ta fake wurin baƙin. Elsheimer ya zaɓi lokacin da ba a riga an gane su wane ne baƙin ba. Ɗaki ne mai duhu, fitilar mai tana haska fuskar baƙi biyu da suka zauna a gajiye, tsohuwa tana tsaye gabansu tana hidima, tsoho yana shigowa daga baya, dinyar tana ƙasa, kuma duk wannan a fili mai girman tafukan hannu biyu. Hendrick Goudt ya sassaƙa shi aka buga a 1612, ta haka ya isa hannun Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holand, wanda ya zana nasa a 1658. Yaro Bahaushe da ya tashi yana jin baƙonka annabinka zai gane wannan labari tun kafin a kai ƙarshensa, haka ma ɗan Maroko da ɗan asalin Faransa da ke zaune kusa da shi, kuma daga nan malami zai iya koyar da Ovid, da yadda haske ke aiki a zane, da dalilin goga tafarnuwa a kan ƙarfe, a cikin sa'a guda.

Game da gidajen tarihi kuwa, ra'ayina shi ne su ci gaba da rataye zanen Wtewael da na Cesari da na Heintz a fili, domin wanda ya sayi tikiti ya shiga ya zaɓa da kansa, kuma ƙanƙantar zanen tana ba kowa damar wucewa ba tare da ya matsa kusa ba. Abin da zan so su ƙara shi ne gaskiyar tarihin a kan ɗan allon bayanin da ke gefen kowane zane: wa ya saye shi, a wane ɗaki ya ajiye shi, shekara nawa gidan da kansa ya ɓoye shi, da kuma shekarar da aka fito da shi. Ma'aikatar ilimi kuma ta tanadar wa malaman ƙananan azuzuwa jerin zane-zanen da suka dace da kowane labari na Ovid, tare da ainihin girman kowanne a rubuce, sannan ta sa a riƙa sanar da iyaye a farkon zango abin da za a nuna, yadda mai ƙorafi zai kawo shi ofishin shugaban makaranta tun kafin ranar darasin.